Tashar da jirgi ya daina tsayawa

A bayan garin kakannina na wajen uwa, kan layin dogon da ya tashi daga Zariya ya nufi Funtuwa, akwai wani ɗan gini mai ɗaki biyu da baranda. Kwanon rufinsa ya daɗe da tafiya. Tagar da ake yankar tikiti tana nan da 'yan sandunanta na ƙarfe, ta ciki kuwa kashin awaki ne da ƙaiƙayin dawa, don wani ya taɓa ajiye amfanin gona a wurin. Gaba kaɗan ga tankin ruwa a bisa ƙafafu huɗu, tsatsa ta huda cikinsa har kana hango sama ta ƙasa. Dogon ya rabu biyu a gaban ginin, ya sake haɗewa can gaba, amma reshe ɗaya sai ka sa ƙafa ka ture ciyawa kafin ka gan shi. Har yau mutanen garin “bakin tasha” suke ce wa wurin, ko da yake duk wanda bai kai shekara talatin ba bai taɓa sayen tikiti a nan ba.

In ka tambayi dalilin mutuwarta, amsa uku za ka ji: sakacin gwamnati, cin amanar ma'aikata, da kuma cewa masu manyan motoci ne suka haɗa baki suka kashe jirgi don su ci kasuwa. Kowacce akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Sai dai ba su gaya mana abin da ya sa ƙananan tashoshin ƙauye suka riga na birni mutuwa ba, ko abin da ya sa da aka gyara layin Legas zuwa Kano, jirgi ya dawo aiki a watan Disamba na 2012, kasuwannin bakin ƙananan tashoshi ba su farfaɗo tare da shi ba. Ni abin da na fahimta shi ne, tun ran gini ba don mutanen ƙauyen aka yi tashar ba. Buƙatun jirgin ne da na masu jirgin suka kafa ta a wurin. Mutanen gari su suka jawo ta jikinsu har ta zama tasu, amma da waɗancan buƙatu suka kau, ba wanda ya lissafa da su.

Sai an koma farko za a ga haka. Turawan mulkin mallaka sun soma shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901. A Arewa kuwa, da aka kawo Percy Girouard ya gaji Lugard a 1907, mutum ne wanda aikinsa ke nan, injiniyan reluwe, sai aka fara wani layin daban daga Baro, a bakin kogin Kwara, don a riƙa kai kaya can a zuba wa jiragen ruwa. Wannan layi ya ratsa Minna da Kaduna da Zariya, ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da na Legas suka zama hukuma guda. Faɗin dogon ƙafa uku da rabi ne, ƙarami, don shi ya fi araha, kuma yana jure kwana-kwana, ba sai an fasa dutse ko an cike kwari ba. Araha ita ce ƙa'idar aikin gaba ɗaya, kuma za mu ga yadda ta haifi tashar ƙauye.

Waɗanda suka haƙa ƙasar kuwa kakanninmu ne, kuma galibi ba da son ransu ba. Bature ya gaya wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci ya bi gida-gida. Wannan shi ne aikin diga, kuma sunan ya zauna a bakin mutane har Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ya yi waƙa a kansa, wadda aka sani da Waƙar Diga. Ana biyan leburorin da kuɗin Turawa, kuɗin da za a dawo a karɓa a haraji. Ta haka kuɗin wuri ya fara barin kasuwa, sule da kwabo suka shigo. Wanda aka ɗauke daga gona ana tsakiyar damina kuwa, shi ya san abin da ya rasa.

Zariya ta zama mararraba. Layi ɗaya ya yi kudu, Kaduna har Legas. Ɗaya ya yi Kano ta Likoro da Gimi da Dangora da Madobi. Daga 1911 zuwa 1914 aka ja wani siririn layi zuwa Jos da Bukuru saboda kuza. A ƙarshen shekarun 1920 kuma aka ja na huɗu ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Sabon Garin Zariya kansa jirgi ne ya haife shi, nan aka saukar da ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga kudu, nesa da ganuwar birni. Unguwar da muke ce wa PZ sunan kamfanin Paterson Zochonis ne, ɗaya daga cikin kamfanonin da suka kafa kantunansu kusa da tasha. Tashar garin kakannina a kan layin na huɗu take, wato ita ta zo a baya.

To me ya kai tasha ƙauyen da a lokacin bai fi 'yan gidaje ba? Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi ƙuruciyarsa a bakin tashar, shi ya fara buɗe mini ido. Muna tsaye inda dogon ya rabu, sai ya ce, “Ɗan nan, ka ga wannan reshen da ciyawa ta cinye? Shi ne tashar. Ginin nan rakiya ya yo.” Na ce, “Kamar yaya, Kawu?” Ya ce ai dogo ɗaya ne tal daga Zariya har Ƙaura. In jirgi ya taso daga can, wani ya taso daga nan, dole a sami inda ɗaya zai raɓe ɗaya ya wuce. Saboda haka duk bayan 'yar tafiya sai an yi wurin kaucewa, kuma wurin kaucewa sai da mutum mai juya dogo, mai ɗaga sigina, mai magana da tashar gaba ta waya. Direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wata 'yar sandar ƙarfe, shaidar cewa hanya tasa ce shi kaɗai har tasha ta gaba. Can zai miƙa ta, a ba shi wata. Kawu ya ce tun suna yara sukan taru su kalli yadda ake miƙa sandar jirgi na tafiya, an saƙala ta a wani zobe, mai taimakon direba ya zura hannu ya fizge. Da a ce an shimfiɗa dogo biyu tun farko, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, da yawancin waɗannan tashoshi ba a gina su ba.

Dalili na biyu shi ne tankin nan. Jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya. Ana zuba masa kwal da ake haƙowa a Enugu, wuta ta tafasa ruwa, tururi ya tura ƙafafu. Irin wannan kan jirgi shan ruwa gare shi, ba ya doguwar tafiya bai tsaya an ɗura masa ba. Don haka inda duk aka sami rafi ko fadamar da ba ta ƙafewa da wuri, wurin ya zama abin so ga masu auna hanya. Garin kakannina yana da irin wannan fadama. Shi ya sa tashar ba ta cikin gari, tana can gefen ruwa, garin ne ya tashi ya same ta.

Dalili na uku shi ne mai nauyi, kuma shi ya kamata a tsaya a kansa. Auduga. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman inda za su sami auduga ban da Amurka, suka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a 1902, idonsu kuwa yana kan ƙasar Hausa, inda aka daɗe ana noma ta ana kaɗi ana saƙa. Da jirgi ya iso, suka kafa injin gurza a Zariya. Amma lissafinsu bai fita yadda suka so ba da fari. Masaƙan gida da fataken Kano sun fi su sayen audugar da daraja, manomi kuwa ba ya kai kayansa inda za a taya masa da araha. A ƙasar Kano ma manoma gyaɗa suka rungumi nomawa, har abin da aka fitar ya tashi daga ƙasa da tan 2,000 zuwa wajen tan 19,000 a 1913. A ƙasar Zazzau da kudancin Katsina ne auduga ta kama sosai, bayan an shigo da irin Amurka mai dogon zare, ana raba iri, aka kuma tsara kasuwanni na musamman inda a nan kaɗai ake awo. Haraji ya cika sauran aikin: ana karɓarsa da kaka, da tsabar kuɗi, hanyar samun tsabar kuɗi mafi kusa kuwa ita ce kai auduga fuloti, wato wurin awon. Layin Funtuwa da Gusau don wannan kaya aka ja shi, da gyaɗar ƙasar Zamfara da fatu.

Kakata takan ba da labarin lokacin kakar auduga. Tun asuba jakuna ke shigowa daga ƙauyukan kewaye, kowanne an labta masa mangala. Ga malamin sikeli, ga mai duba kyawun kaya yana zura hannu cikin buhu yana rarrabe lamba ɗaya da lamba biyu, ga 'yan baranda suna tare manomi tun bai ƙaraso ba. Leburori na ɗinke buhuna suna jibgewa, ana jiran a kawo tarago a ajiye a reshen nan. Ita kuwa tana 'yar budurwa, nata shi ne tallan dafaffen rogo da ƙuli-ƙuli da fura. Ta ce in jirgin fasinja ya tsaya jiran wani ya wuce, sai ya yi rabin sa'a ko fiye, kafin ya tashi an sayar da komai, ana miƙa kwano ta taga ana jefo kwabo. Da wannan ciniki aka yi mata wasu daga cikin kayan ɗakinta. Jinkirin da fasinja ke tsaki a kansa shi ne abincin garin.

Ta nan tashar ta zama ta mutane. Goro ya zo daga kudu cikin kwanaki, abin da ayarin fatake ke shafe watanni kafin ya kawo daga Gwanja. Gishiri, kananzir, kwanon rufi, atamfa, duk ta nan. Wasiƙa ta nan. 'Yan ci-rani da almajirai ta nan suke fita bayan girbi, ta nan suke dawowa kafin shuka. Mata na auna lokacin ɗora tukunya da kukan jirgi. A nan ne mutanen garin suka fara zama da Bayarabe da Inyamuri a matsayin maƙwabta, don yawancin ma'aikatan tasha daga kudu aka kawo su, da iyalansu, 'ya'yansu suka tashi da Hausa a baki. Duk wannan alheri ne na gaske, kuma ban yarda da masu cewa jirgin Turawa bai tsinana wa talaka komai ba. Amma a littafin hukumar jirgi, abin da ke riƙe da tashar shi ne tan nawa aka loda, ba mutum nawa suka dogara da ita ba.

An ma ga misali tun kafin 'yancin kai, a nan ƙasar Zazzau. Siririn layin nan na Jos, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Rahama da Jengre, tafiyar mil 143. Kuza ce ta sa aka yi shi. Da babban layin gabas ya iso daga Fatakwal, aka ja reshe daga Kafanchan zuwa Jos a 1927, sai kuza ta sami hanya mafi sauƙi zuwa teku, ba sai an sauke ta a Zariya an sake lodawa a wani jirgin ba. Layin ya yi ta jan ƙafa shekara talatin, a 1957 aka rufe shi. Garuruwan da ke kansa ba su ragu da mutane ba, ba su daina noma ba. Kayan da aka yi layin dominsa ne ya sauya hanya. Yau mai zuwa Jos daga Zariya ta Soba da Dutsen Wai a mota yake ratsa su, da yawa ba su ma san jirgi ya taɓa bi ta wurin ba.

Tashar garin kakannina ba a rufe ta rana ɗaya haka ba. Ƙafafunta aka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ruwa. Daga tsakiyar shekarun 1950, wajen lokacin da aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta a 1955, aka fara shigo da kan jirgi mai amfani da man dizal, wanda ba ruwansa da tanki. Sannu a hankali masu tururi suka ƙare, mai kula da famfo ya rasa aiki. Sai rikicin 1966 da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970: ƙwararrun ma'aikata 'yan gabas suka bar Arewa, layin Fatakwal ya tsaya, gyaran taragu da kawunan jirgi ya taru ya yi yawa. Alƙaluman hukumar sun nuna zurfin ramin. A 1964 jirgi ya ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 1974 fasinja sun dawo wajen miliyan 4, kaya kuwa tan miliyan ɗaya da 'yan kai.

Ƙafa ta biyu kaya. Farin 1972 zuwa 1974 ya daki Arewa, a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da ya saura, dalar gyaɗar Kano ta zama labari. Kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta daina damuwa da abin da gona ke kawowa daga waje. Auduga ta ɗan daɗe, sai dai ta sauya alƙibla: tun da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau, audugar ba teku take nufa ba, tafiyar 'yan sa'o'i ce, wadda mota ta fi jirgi iyawa. A 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Wannan ya fi yadda ake zato muhimmanci. Su ne ke tara kayan ƙasa guda a wuri guda a lokaci guda, su cika taragu. Da suka tafi, sai kowane ɗan kasuwa ya koma sayen buhu hamsin nan, ɗari can, irin kayan da ba ya cika tarago amma yana cika mota.

A nan ne nake rabuwa da masu ɗora laifin duka a kan masu tirela. Ka sa kanka a matsayin mai masara buhu ɗari biyu. In jirgi za ka bi, sai ka yi hayar abin da zai kai kayan tasha, ka biya 'yan dako su sauke, ka nemi tarago, ka jira ranar da za a kawo shi, wadda ba wanda zai iya faɗa maka, ka biya a loda, can kuma a sauke a sake ɗorawa a mota zuwa kasuwa. Mai mota kuwa har bakin rumbunka zai zo, gobe kayanka na Legas. Gwamnati ta zuba kuɗin mai a kwalta, ta bar dogo da kwana-kwanansa na 1911. Ba sai an haɗa baki ba, ɗan kasuwa da kansa zai zaɓa. Ko kalmar “tasha” ma mota ta gaje ta. Yaron yau in ka ce masa tasha, tashar motar Kwangila a Zariya zai tuna.

Ƙafa ta uku, wato kaucewa, ita ta faɗi da kanta. Jirage sun ragu, ba a cika samun biyu a hanya lokaci guda ba, sai hukuma ta ga ba dalilin biyan mutum huɗu ko biyar albashi a wurin. Aka janye su, aka kulle makarkatar dogon. Amma duk tashar da aka rufe, tazarar da jirgi ɗaya ke riƙe hanya shi kaɗai ta ƙaru, jira ya ƙaru, masu kaya suka ƙara gudu, aka sake samun dalilin rufe wata. An kawo Indiyawa sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan motsa, suna tafiya aka koma gidan jiya. An ba Samuel Ogbemudia riƙo a 1989, an kawo kamfanin Sin a 1995. Duk waɗannan yunƙuri kan jirgi da tarago da babban layi suka duba. Reshe irin namu kullum shi ne na ƙarshe a layi.

Garin bai mutu ba, juyawa ya yi ya ba tasha baya. Kasuwa ta koma bakin titi, masu shayi da masu faci suka bi ta, sababbin gidaje suka fuskanci kwalta. Waɗanda suka yi asara su ne ƙauyukan da dogo ya ratsa amma titi bai bi ta kansu ba, da kuma mata masu talla, waɗanda motar da ke wucewa a guje ba ta tsaya musu. Filin tashar kuwa, wani ya shuka masara har jikin dogo, wani ya kafa tubali. Ɓarayin ƙarfe na zuwa da dare su kwance abin da suka iya, su kai wa 'yan gwangwan. Rashin tsaron da ya addabi yankin Giwa da hanyar Funtuwa a 'yan shekarun nan ya sa ko zuwa duba layin ya zama abin tunani.

Yanzu ana sabon zamani na babban dogo, wanda ya fi tsohon faɗi. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, an ƙaddamar da aikin na Kaduna zuwa Kano a 2021, wanda zai bi ta Zariya. Ina murna da shi, kuma ina fatan ganin ranar da za a gama. Amma jirgi mai gudu ba ya son tsayawa, ba ya shan ruwan fadama, siginarsa ba ta buƙatar mai miƙa sanda. Dalilai biyu daga cikin ukun da suka kafa tashar ƙauye ba za su dawo ba har abada. Saura na uku, kuma shi yana nan, ya ma fi na da yawa. Masara da dawa da waken suya da shinkafar da ke fita daga kasuwannin Giwa da Dandume da Funtuwa da Soba da Saminaka kowane mako, a bayan tirela suke tafiya kudu, suna farfasa titi, ana biyan kuɗin dizal da na shingaye, mai saye a can ya biya, manomi a nan a rage masa. Abin da tsohon reshen ke buƙata ba gini mai gilashi ba ne. Sito ne mai sikeli a gefen dogo, da wanda zai tara kayan manoma su cika tarago, da ranar zuwan jirgi wadda ba ta sauyawa. Tun 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi ma suna da ikon yin harkar jirgin ƙasa, don haka Kaduna da Katsina da Zamfara, waɗanda layin ya ratsa, ba su da hujjar zuba ido sai Abuja ta tuna da su. Kuma ko ba a yi komai bana ba, a ƙalla a kare filin da dogon, don in aka bari aka gine hanyar, an rufe maganar ke nan.

Da za mu bar wurin, Kawu ya sunkuya ya share ƙasa daga jikin dogon da tafin hannunsa, ya nuna mini wasu haruffa da lambobi da aka zuba tare da ƙarfen tun daga masana'anta. Ya ƙwanƙwasa shi da sandarsa, ya yi ƙara tas. Ya ce, “Ka ji ko? Ƙarfen lafiyarsa lau.” Sannan ya ce mu yi sauri mu kai bakin titi kafin la'asar, don bayan nan motar Zariya wuya take yi.